Yau ba siyasa, maganar Darakta ce



Na san waɗanda suka saba karanta ni a nan sun fi tsammanin in yi magana a kan kasafin kuɗi, ko farashin mai, ko albashin da ba ya kaiwa tsakiyar wata. Yau dai a yi mini haƙuri, maganar mage zan yi. Eh, mage, kyanwa. Kuma tun kafin wani ya ce "mutane na kwana da yunwa kai kana ta mage", na sani. Ni ma ma'aikacin gwamnati ne, ga Janairu ya miƙe ƙafa ya ƙi ƙarewa. Amma wata biyu ke nan abin nan yana cin raina. Ya kusa haɗa ni rigima da uwargida, ya kuma sa mahaifiyata ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina sakandare. To gara in fitar da shi.

Muna zaune a gidan haya a nan Kano, irin gidan nan mai sassa huɗu da tsakar gida ɗaya. Shekara uku da suka wuce wata mage ta haihu a bayan tankin ruwanmu. Aka rarraba 'ya'yan, ɗaya ya rage tare da uwar, muzuru ne mai ruwan toka. Yara suka sa masa Darakta, wai don ba ya sauka daga kujera sai an kawo abinci, kuma in ka shigo da sallama ko ɗago kai ba ya yi. Daraktocin da ke bibiyata a nan su yafe ni, ba ni na raɗa ba.

Shi da uwarsa ba magen ɗaki ba ne. Su shigo su ci, su fita su hau katanga, su bi ƙadangare, da dare su yi sintiri a bayan kicin. Tun da muka same su ban ƙara ganin kashin ɓera a sito ba. Ban taɓa tunanin abin da suke yi da yininsu ba, kamar yadda mutum ba ya tunanin famfo sai ranar da ya ƙafe.

A watan Nuwamba, bayan kaka, wani maƙwabcinmu ya jibge buhunan masara a wani ɗaki da ke jikin katangarmu. Ɓeraye suka addabe shi, ya sayo shinkafar ɓera ya barbaɗa, bai gaya wa kowa ba. Uwar Darakta ta kama ɓeran da ya ci gubar. Autata, 'yar shekara tara, ita ta fara ganinta da safe a ƙarƙashin mota, tana sanye da kayan makaranta. Ranar ba ta je makaranta ba. Da na dawo daga ofis da yamma, abin da ta fara ce mini shi ne, "Abba, shi ma Darakta zai ci?" Na ce mata ba zai ci ba. Na yi alkawarin kafin in yi tunanin yadda zan cika shi.

A nan sai in yi wa maƙwabcina adalci. Ban ga laifinsa a kan son kashe ɓera ba. Muna cikin rani, lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi tashi a ƙasar nan, daga wajen Disamba zuwa Afirilu. Cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da ita, tana shiga mutum ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Duk mai hatsi a gida dole hankalinsa ya tashi. Abin haushin kawai shi ne, cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa na kauce wa cutar har da ajiye mage a gida. Wato gubar ta kashe mai gadin da ke yi wa gidan duka aiki kyauta. Laifinsa ɗaya, rashin faɗa.

Na yanke hukunci: Darakta ba zai ƙara taka tsakar gida ba. Sai ga hunturu.

Kun san yadda gidajenmu suke zama in iskar nan ta taso daga arewa maso gabas da ƙurar da take kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A rufe tagogi ruf, a saki labule, a cusa tsumma a ƙasan ƙofa, wasu har leda suke mannawa. Falo ya zama kamar rami, ƙarfe goma na safe sai ka ce magariba. Mu muna fita, ni ofis, yara makaranta, uwargida tana da kicin da maƙwabta da waya. Shi kuwa daga katanga da rana da ƙadangare ya dawo ɗaki biyu da falo mai duhu. Ni a lissafina ya ci riba. Ga bargo, ga abinci a kwano safe da dare, ba sanyi, ba guba. Me kuma ya rage?

Sati na farko kuka kawai yake yi a bakin ƙofa. Muka ce kewar uwa ce, zai saba. Sati na biyu ya fara tashin mu ƙarfe uku na dare, yana zagaye falo a guje kamar an biyo shi. Ya yage hannun kushin. Ya ciji babban ɗana a dunduniya, abin da bai taɓa yi ba. Sai ya fara lasar cikinsa, lasa ba ƙaƙƙautawa, har gashin wajen ya zube fata ta fito. A sati na uku ya yi fitsari a kan bargon uwargida, wanda ta zo da shi tun na aure.

Nan fa aka yi ta. Ta ce, "Abbansu, ni dai na gaji. Ko ka buɗe masa ƙofa, ko a sa shi a buhu a kai bayan gari kamar yadda kowa ke yi." Auta tana jin haka ta fashe da kuka. Ni kuma ga ni a tsakiya: in na buɗe, masara tana nan, guba tana nan. In na kai shi bayan gari, na saɓa alkawari ta wata ƙofar, don magen gida da aka yar a bola cikin sanyin nan ba daɗewa take ba.

Ranar Juma'a na je gaida Hajiya na ba ta labari, ina neman ta ba ni gaskiya. Ina! Ta ce, "Au, kulle shi ka yi? Kai da karatunka?" Ta tuna mini hadisin da kowa ya sani, na matar da aka yi wa azaba a kan magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Na ce Hajiya ai ni ina ciyar da shi, har ya fi da ƙiba. Ta ce, "Ciki kaɗai Allah ya yi masa?" Na yi shiru. Ba malama ba ce, ni ma ba malami ba ne, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Amma tambayar ta bi ni har gida.

Abin da ya kai mu asibitin dabbobi shi ne wata safiya da na ga yana ta zuwa kan robar yashinsa, ya tsuguna, ya yi ɗigo biyu, ya tashi, ya dawo. Na ɗauki uzuri a wajen aiki, ban dai faɗi dalili ba, kun san yadda za a yi da ni. Likitar ta matsa mararsa ta ce mun yi sa'a, mafitsarar ba ta toshe ba. Ta ce wannan a rubuta a ajiye: muzuru in yana yunƙurin fitsari ba ya fita sam, ba abin a jira gobe ba ne, cikin kwana biyu zuwa uku zai iya mutuwa. Ta ba da magani, sannan ta fara yi mini tambayoyin da ban zata ba. Ina yake kwana? Yana ganin waje? Sau nawa ake wasa da shi? Na ce wasa kuma? Ta yi dariya ta ce, "Malam, ba sanyi ke damun magenka ba, zaman banza ne."

Bayanin da ta yi mini, wanda daga baya na bi na ƙara karantawa, shi ne mage an halicce ta ne a kan farauta. Wadda ke neman abincinta da kanta tana cin ƙananan abubuwa sau goma ko fiye a yini, kuma ba kowane hari take dacewa ba, don haka tana laɓe, tana sanɗa, tana tsalle sau da yawa fiye da haka. Tana barcin awa 12 zuwa 16, gaskiya ne, amma sauran awannin aiki ne, musamman da asuba da kuma goshin magariba. Ni kuma na ɗauke aikin gaba ɗaya na bar masa kwano. Ƙarfin da ya kamata ya ƙare a kan ɓera shi ne ya koma kan kushin da dunduniyar yarona da fatar cikinsa. Har ciwon mafitsarar ma, in ji ta, damuwa tana tayar da shi a jikin mage.

Da na dawo na maimaita wa uwargida, sai ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "To ai kai ma haka ka yi mana." Na gane inda ta dosa. Shekarun baya an taɓa tura ni wani sashe aka ba ni tebur da kujera, ba a ba ni aiki ba. Wata takwas. In zo ƙarfe takwas in sa hannu, in karanta jarida har tallar ƙarshe, in tashi ƙarfe huɗu. Albashi yana shiga cif. Abokai suna cewa na huta. A wata takwas ɗin nan ne aka fara auna ni aka ce jinina ya hau, kuma a lokacin ne nake dawowa gida in yi faɗa a kan gishirin miya. Ta ce, "Kai dai ba ka yi fitsari a bargo ba ne kawai." Wallahi sai da na yi dariya har da hawaye. Daga ranar ba ta ƙara maganar buhu ba, ta dai ce ta ba ni wata ɗaya.

Abin da muka fara da shi taga ce. Tunda iskar daga arewa maso gabas take bugowa, sai na duba tagar ɗakin yara da ke kallon kudu, na ga ƙurar da ke shiga ta nan kaɗan ce. Muka ɗage labulen, muka bar gilas a rufe da safe, in rana ta ɗaga a buɗe a bar ragar sauro. Na jawo tsohon teburin karatu na ɗora kwali da tsohuwar rigar sanyi. A waje, a kan dakalin tagar, Auta take zuba ɗan gero da ruwa a murfin roba. Kwana uku kurciyoyi da gwarare suka gano wajen. Ku zo ku ga Darakta. Awa biyu yana zaune, jela na kaɗawa, haƙora na karkarwa, yana wani ƙaramin kuka da ban taɓa jin ya yi ba. Da hantsi kuma rana tana faɗowa daidai kan kwalin ya miƙe. Zafin jikin mage ya fi namu, digiri 38 zuwa 39 ne, shi ya sa inda kai kake jin daidai ita take neman ƙarin ɗumi. Wannan tagar kaɗai ta rage kukan dare da kusan rabi. Sai dai a duba ragar da kyau, in ta ruɓe zai fasa ta ya bi tsuntsu.

Na biyu, farautar ƙarya. Karan dawa, zare mai kauri, gashin zabo uku a ɗaure a ƙarshe. Ko sisi ban kashe ba. Amma akwai iyawa, ni da farko kaɗa masa nake a fuska, ya dube ni irin kallon da ya sa aka ba shi sunansa. Ashe ɓera ba ya tunkarar mage, guje mata yake. Sai ka ja abin a ƙasa yana nisantarsa, ka tsaya cak, ka ɗan motsa, ka shigar da shi bayan kujera ya ɓace. Nan za ka ga ya kwanta da ciki, kunnuwa gaba, ɗuwawu na rawa. Kuma dole ka bari ya kama lokaci zuwa lokaci, in ba ya kamawa haushi yake ƙara ji. Minti goma zuwa sha biyar ya isa, sai a ba shi abinci nan take, ya zama ya yi farauta ya ci. Daga nan zai lashe jiki ya kwanta. Ni nake yin na bayan sallar asuba, Auta ta karɓi na bayan magariba. In an gama a ɗauke karan a sa a saman kwaba, don mage in ta haɗiye zare yana iya yanka mata hanji, sai an yi aiki.

Kwanon abinci ma mun rage masa daraja. Rabin abincin yanzu a kiret ɗin ƙwai ake zubawa, ɗan kaɗan a kowane gurbi, sai ya sa hannu ya zaƙulo. Busasshen kifi kuma, bayan an cire ƙaya, ana gutsuttsurawa a ɓoye a wurare huɗu ko biyar kafin kowa ya fita: bayan ƙofa, ƙarƙashin tebur, cikin kwalin taliya da muka huda. Abincin mage na kanti na leƙa farashinsa sau ɗaya na ajiye a hankali na fito. Mai karɓar albashin da mafi ƙarancinsa naira 70,000 ne ba ya wannan hanyar. Muna dafa masa huhu da ɗan tumbi daga wajen mahauci, wani lokaci ƙwai, ba gishiri ba magi. Mage mai cin nama ce, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. Miyarmu kuma ba a ba shi, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage. Madara ma da muke ɗauka gata ce, yawancin manyan maguna zawo take sa su.

Ruwa kuwa, iskar hunturu da ke fasa mana leɓe da dunduniya shi ma tana busar da shi, ga mage dama ba mai son shan ruwa ba ce. Kwano uku muka ajiye a wurare daban, nesa da abinci da robar yashi, a sauya kullum saboda ƙura. Robar yashin ma ta zama biyu, ana kwashewa safe da yamma. Tun daga nan bargon uwargida ya tsira. Don kushin kuma na samo guntun kututturen darbejiya na jingine a lungu, a can yake wasa farce yanzu, galibi dai.

Wani abin dariya: Auta ta zo da gudu wata rana wai Darakta yana da lantarki, ta shafa shi ya ja ta. Bushewar iska ce ke tara wannan tartsatsin a gashinsa, irin wanda kake ji in ka cire rigar sanyi a duhu. In ka ɗan jiƙa hannu kafin ka shafa shi ba ya yi. Kafin mu gane, shi ma ya fara gudun hannunmu, yana zaton da gangan ne.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon ko wanda ba ya son mage ya riƙe. Kada a ba mage farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, kuma mutanenmu suna yi da kyakkyawar niyya in sun ga tana atishawa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, wanda duk shekara muke jin ya halaka mutane, ita ma haka yake mata, ga shi kuma tana matsowa jikin wuta har gashinta ya babbake, haka fiya-fiya da sauran maganin sauro in an fesa a fitar da ita sai ɗaki ya sha iska. Na uku, masu mota: da safe kafin ka tayar, ka ɗan buga bonet. Magunan unguwa suna shiga jikin inji su kwana don ɗumi. Bugu biyu ne, ba ya cin mai.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Gashin cikinsa ya fara tsirowa, cizon ya tsaya, muna barci har asuba. Amma har yau in aka buɗe ƙofar falo sai ya taso ya tsaya yana shaƙar iskar waje, kuma ranar da na makara ban yi masa wasan safe ba, da dare sai mun biya bashin. Sau ɗaya ya kuɓuce ya haye katanga, ni da babban ɗana muka yi ta lallashi da kan kifi, maƙwabta na leƙe. Wani ya ce, "Yallaɓai, duk wannan a kan mage?" Na ce masa eh.

Na je na samu mai masarar. Na yi zaton za a yi cacar baki, sai na tarar bai ma san abin da ya faru ba. Ya yi ta salati, ya ce a ba yarinya haƙuri. Na roƙe shi ya koma tarko, ko in zai zuba guba ya gaya mana, ya kuma riƙa binne ɓerayen da suka mutu, don ba mage kaɗai ba, akwai kaji, akwai yara masu rarrafe a gidan. Ya ce in sha Allahu. Sai dai ya gaya mini gaskiya cewa tarko ba ya yi masa maganinsu, kuma masarar sai wajen damina zai fitar da ita, in farashi ya yi sama. Wato ƙofar nan ba yanzu za a buɗe ta ba, ga zafin Maris yana tafe, lokacin da ba mai iya zama da rufaffiyar ƙofa a Kano.

Wa'adin wata ɗaya da uwargida ta ba ni ya cika tun makon jiya, ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tuna mata ba. Shekaranjiya na dawo da wuri na same ta a falo da karan dawa a hannu, tana jan gashin zabo a bayan kujera. Da ta gan ni ta ce wai sharewa take za ta ɗauke.

Yanzu shawarar da na yanke ita ce in rufe 'yar barandarmu ta baya da raga daga ƙasa har sama, ya riƙa fita yana shan rana yana kallon katangarsa ba tare da ya kai ga ɗakin masara ba. Mai gidan ya yarda, da sharaɗin in zan tashi in bar masa. Barandar taku huɗu ce a tsaye, biyu a kwance. Wanda ya san mai walda a Kano da ba zai yanke ni ba, kuma zai iya jira sai albashi ya shigo, don Allah ya yi mini magana ta akwati.